Ta ina zan fara koyar da ɗaukar hoto ga ɗaliban da ba 'yan sashen fasaha ba?

"Assalamu alaikum, Malam. An ba ni kwas na share fage kan ɗaukar hoto, zangon karatu ɗaya, kuma na zaɓi ne, kowane ɗalibin jami'a zai iya ɗauka. Cikin waɗanda suka yi rajista akwai 'yan injiniyanci, 'yan likitanci, 'yan shari'a da 'yan tattalin arziki, amma babu ɗan sashen fasaha ko ɗaya. Mafi yawansu waya kawai gare su. Ni a matsayin fasaha aka koya min hoto, haka kuma nake son in koyar da shi. Tsorona shi ne ko in cika su da lissafin kyamara su gundura, ko in bar su suna kawo abin da suka saba ɗauka in ba su maki a banza. Ta ina zan fara, kuma da me zan auna su?"

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya taya ki riƙo. Idan na fahimce ki, tsoro biyu ne suka sa ki a tsakiya: kada kwas ɗin ya koma darasin sarrafa na'ura, kada kuma ya koma wurin hutu inda ɗalibi zai huta daga wahalar sashensa ya karɓi maki ya wuce. Na ga duka biyun sun sami azuzuwan hoto, kuma tushensu ɗaya, malami bai tsayar wa kansa abin da yake koyarwa ba. Ni abin da na tsaya a kai shi ne zaɓi. Kowane hoto tarin zaɓi ne: inda mutum ya tsaya, lokacin da ya danna, abin da ya shigar, abin da ya bari a waje, sannan wanne ya nuna wa mutane cikin ɗimbin da ya ɗauka. Ɗalibanki sun riga sun ɗauki dubban hotuna kafin su zo wurinki, amma yawancin zaɓin nan waya ce ta yi musu, ko kuma sabo. Aikin makonnin da aka ba ki shi ne ki mayar da zaɓin hannunsu, su san sun yi shi, su iya faɗin dalili.

Shakkar da za ki gani a fuskokinsu, ta cewa ina fasaha a abin da kowa ke iya yi, tsohuwa ce. Tun 1888 da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak mai ɗauke da fim na hoto 100, yana tallar cewa mutum ya danna kawai sauran aikin nasu ne, ake ta wannan gardama. An sanar da hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa a 1839, amma sai a 1940 gidan adana fasahar zamani na New York, wato MoMA, ya buɗe wa hoto sashensa. Hoto mai launi ma ya fi daɗewa a bakin ƙofa. Da gidan ya baje hotuna masu launi na William Eggleston a 1976, masu sharhi da yawa kushe su suka yi. Ki gaya musu wannan a taƙaice ki wuce. Gardamar a bakin lacca ba ta ƙarewa, aikin hannunsu ne zai raba ta.

Ba hannu rabbana suka zo ba

Kada ki ɗauki rashin fitowarsu daga sashen fasaha a matsayin naƙasu. Lewis Hine ilimin zamantakewa ya karanta, kuma daga 1908 ya riƙa shiga masana'antu da mahaƙan kwal na Amurka yana ɗaukar yaran da ake sa wa aikin ƙarfi. Sebastião Salgado na Brazil masanin tattalin arziki ne, sai a 1973 ya ajiye aikinsa ya rungumi kyamara. Harold Edgerton farfesan injiniyan lantarki ne a jami'ar MIT ta Amurka, shi ya inganta fitilar da ke walƙiya cikin lokacin da ido ba ya kamawa, har ya tsayar da harsashi a sararin iska. Anna Atkins a Ingila tsirrai ne suka dame ta, kuma a 1843 ta fara fitar da littafin tsirran teku ba tare da kyamara ba, tana ɗora su kan takarda mai sinadari ta shanya a rana. Ina nuna wa aji aikin waɗannan mutane a makon farko, domin ɗan likitanci ya gane cewa idon da ake horar masa na lura da launin fata da yanayin tsayuwar majiyyaci jari ne a nan, ɗan injiniyanci kuma ya gane yana ganin abu a jikin gada wanda ni ba na gani.

Sai dai kowane sashe da irin ciwon da yake turo wa aji. 'Yan kimiyya sukan so a ba su amsa guda wadda take daidai, su haddace. 'Yan shari'a sukan kare raunanan hoto da hujja mai ƙarfi. Duka ana iya juya su su zama amfani, zan zo kan haka a batun sharhi.

Waya ko kyamara

Ki bar su da wayoyinsu. Idan kika wajabta babbar kyamara, kin kori rabin ajin tun kafin a fara, sauran rabin kuma za su ƙare zangon suna laluben maɓallai. Wanda ya fara da kwance keken ɗinki yana koyon sunan kowane ƙarfe, zai daɗe bai ɗinka riga ba. Amma ki san abin da waya ba za ta iya koyarwa ba. A yawancin wayoyi ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi ya shiga kyamara, ba ta buɗuwa ko tsukewa, girma ɗaya gare ta. Sensar, wato ɓangaren da ke karɓar hasken, ƙarama ce, don haka kusan komai daga gaba har baya yana fitowa tar, kuma dishi-dishin bayan da suke gani a hoton fuska manhaja ce ta ƙirƙira shi. Wayar kan ɗauki hotuna da yawa a dannawa ɗaya ta haɗe su, ta haskaka inuwa, ta ƙara wa launi armashi, duk ba ta tambayi kowa ba. Babban gilashinta kuma mai faɗin gani ne, daidai da milimita 24 zuwa 26 a ma'aunin tsohon fim, shi ya sa mutum kan matsa kusa har hancin wanda ake ɗauka ya kumbura kunnuwansa su ja baya.

Saboda haka a makonnin farko nakan hana abu uku: filta, zuƙo hoto da yatsa, da yanayin da ke dusashe baya. Mai son abu ya matso, ya taka da ƙafarsa. Nakan kuma koya musu danna allo su kulle wurin da suke son ya fito tar, su ja haske sama ko ƙasa da kansu. Wannan ɗan abin kaɗai yakan canza hotunan aji cikin mako guda.

Darasin haske kuwa, ba a allo nake fara shi ba. Ki sami ɗaki mai taga ɗaya, ki toshe ta da baƙar leda ko kwali har ɗakin ya yi duhu ƙirin, ki huda rami mai faɗin santimita 1 zuwa 2. A jira 'yan mintoci ido ya saba. Abin da ke waje zai bayyana a bangon da ke fuskantar tagar, kai a ƙasa, da launinsa da motsinsa. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a farkon ƙarni na 11: haske a miƙe yake tafiya, shi ya sa hoton ke kifewa. Ki faɗaɗa ramin, hoton ya ƙara haske ya rage kaifi. Ki tsuke shi, ya ƙara kaifi ya yi duhu. Sun fahimci ƙofar haske ke nan da idonsu. Bayan haka zama ɗaya ko biyu da kyamarar aro sun isa a nuna musu sauran. A lambar ƙofar haske, daga f/4 zuwa f/5.6 haske ya ragu da rabi, a tsawon lokacin da haske ke shiga, daga 1/125 na daƙiƙa zuwa 1/250 ya sake raguwa da rabi, a ma'aunin ƙarfin karɓar haske kuwa, wato ISO, daga 100 zuwa 200 hasken hoton ya ninka. Kowace lamba ki ɗaure ta da abin da take yi wa hoto, kamar tsayar da motsi ko barin sa ya ja layi. Hoton da Nicéphore Niépce, Bafaranshe daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar hoto, ya ɗauka daga tagarsa a 1826 ko 1827 ya sha aƙalla awa 8 yana karɓar haske, har rana ta haska ɓangarorin ginin biyu a hoto ɗaya. Misali ne mai kyau na cewa kowane hoto yana da tsawon lokaci a cikinsa. Ki yi hattara da 'yan lissafi a nan. Za su ji daɗin lambobin, wasu kuma za su ɓuya a cikinsu don gudun tambayar da ta fi wuya, wato me ya sa ka ɗauki wannan.

Jinga mai ƙunci

"Ku je ku ɗauko abin da ya burge ku" ita ce jinga mafi rauni da za ki bayar. Abin da za a kawo miki shi ne faɗuwar rana da fure da fuskar aboki yana murmushi, inda kyan abin ne ya yi aikin, mai hoton bai yi komai ba. Ƙunci, wato taƙaita musu abin da za su ɗauka, shi ne ke tilasta zaɓi. John Szarkowski, wanda ya shugabanci sashen hoto na MoMA, ya ware abubuwa biyar da mai hoto ke fama da su a wani baje koli na 1964: abin da kansa, ɗan yankin da ke wakiltar duka, iyakar hoto, lokaci, da mazaunin mai kallo. Kusan duk jingar da nake bayarwa daga cikin biyar ɗin nan take fitowa. Abu ɗaya mara kyan gani, kamar kujera ko famfo, a ɗauke shi da safe, da tsakar rana, da yamma, da dare, ba tare da an motsa shi ba. Ko a tsaya wuri ɗaya awa guda, ba a tashi ba, a jira abin da zai shigo. Ko a yi mako guda ana duba gefuna huɗu na hoto kafin a duba tsakiyarsa, domin yawancin hotunan masu farawa a gefe suke lalacewa, inda rabin mota ko gwiwar hannun wani ta leƙo ba da izini ba. Wadda na fi so ita ce ta hoto 24 kacal, adadin ƙaramin naɗin fim, ba gogewa, a kawo duka. Ɗalibin da ya saba danna sau goma a kan abu ɗaya yakan tsaya ya duba a karon farko.

Batun fari da baƙi kuwa, malamai sun rabu. Ni nakan cire launi na mako biyu ko uku saboda haske da siffa su fito fili, sannan in dawo da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Idan aka tsawaita fiye da haka sai ɗalibai su ɗauka cire launi shi ne fasaha.

Zaman sharhi

A nan kwas ɗin yake, kuma a nan na fi son ki zuba ƙarfinki. Rabin lokacin aji, ko fiye, ya tafi wajen kallon aikin ɗalibai tare. Dokar farko: mai hoto ya yi shiru. Ba zai ce ga abin da yake nufi ba sai kowa ya gama, domin da zarar ya faɗa, idon ajin ya daina kallon hoton ya koma neman abin da aka gaya masa. Doka ta biyu: an hana "ya yi kyau" da "bai yi min ba" a farkon zance. Ana farawa da faɗin abin da ke cikin hoton, dalla-dalla, kamar ana bayyana shi ga wanda ba ya wurin. Mutum nawa? Daga ina haske ya fito? Mai hoton a tsaye yake ko a tsugune? Me aka yanke a gefen hagu? Ina ido ya fara sauka, ina ya tafi bayan nan? Sai an gaji da wannan ake shiga abin da hoton ke cewa, kuma duk wanda ya kawo fassara sai ya nuna da yatsa wurin da ya samo ta. Hukunci shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba a kaiwa gare shi.

Wannan tsari yana magance ciwon da na ambata. Ɗan kimiyya yana samun abin riƙewa, domin lura da bayyanawa aikinsa ne na kullum. A ƙarshen shekarun 1990 ma wani likitan fata a jami'ar Yale, Irwin Braverman, ya fara kai ɗaliban likitanci gidan adana zane-zane su bayyana abin da suke gani don kaifafa idonsu wajen duba majiyyaci. Ɗan shari'a kuma yana gane cewa hujjarsa dole ta kasance a jikin hoton. Lokacin da ya fi amfani shi ne wanda mai hoto zai buɗe baki ya ce, "Ai ni kaɗaici nake son nunawa," alhali ajin gaba ɗaya natsuwa ya gani. Kada ki yi saurin lallashinsa, kada kuma ki ce ya faɗi. Ki tambaye shi: da ka ja baya taku uku, ko ka jira mutumin ya juya baya, da me za mu gani? Tazarar da ke tsakanin niyya da abin da ya fito ita ce darasin, ita ce kuma jingarsa ta mako mai zuwa.

Ki riƙe naki ra'ayin sai ƙarshe, ki kuma taƙaita shi. Ɗalibai suna da saurin gano irin hoton da malami ke so, kuma cikin wata guda za ki ga ajin duka yana ɗaukar hotunanki. Idan hali ya yi, a wanke hotuna ko da ƙanana ne a manna a bango. A majigi hoto yana wucewa ya ɓace, a bango kuwa ana iya ɗaga wannan a kai shi kusa da wancan a ga yadda ma'anarsa ta canza.

Daga nan ake shiga tacewa, wadda masu farawa ba su san aiki ba ce. Robert Frank ya zagaya Amurka a tsakiyar shekarun 1950 ya ɗauki hotuna wajen 27,000, ya fitar da 83 kacal a littafinsa. Ki sa su riƙa kawo duk abin da suka ɗauka a jere a shafi ɗaya, ba zaɓaɓɓun kawai ba. Sau da yawa hoton da ya fi ƙarfi yana nan kusa da wanda ɗalibi ya zaɓa, ya tsallake shi saboda bai yi kama da abin da ya saba gani ana yabawa ba.

Hoton mutane

Kada ki bar wannan sai matsala ta taso. Hoton da Dorothea Lange ta ɗauka a California a 1936, na uwa da 'ya'yanta a lokacin karayar tattalin arziki, yana cikin hotunan da aka fi sani a duniya, amma sai a ƙarshen shekarun 1970 jama'a suka san sunan matar, Florence Owens Thompson, kuma ta bayyana rashin jin daɗinta da yadda aka yi ta yaɗa fuskarta ba ta amfana ba. Ki ajiye shi gefe da aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, inda mutane ke zuwa da ƙafarsu, su zaɓi shigarsu da tsayuwarsu, shi kuma ya tsara haske da labulen baya. Ki bar aji ya tattauna wa ke da iko a kowanne. Dokar ajina mai sauƙi ce: a nemi izini, a faɗi inda hoton zai je, ba a ɗaukar yaro sai da yardar mai kula da shi, 'yan likitanci kuma ba sa kawo hoton majiyyaci ko kaɗan.

Maki

Ba za ki iya ba kyau maki ba tare da kin zalunci wani ba, amma za ki iya ba zaɓi maki. Rabon da nake ba da shawara shi ne kashi 40 ga jingar mako-mako, ana duba an yi ta kuma an bi ƙuncinta. Kashi 20 ga gudummawa a zaman sharhi. Kashi 10 ga rubutun shafi ɗaya ko biyu kan hoto guda na wani. Kashi 30 ga aikin ƙarshe. Aikin ƙarshen ya zama jerin hoto 8 zuwa 12 kan abu ɗaya, domin hoto ɗaya mai kyau sa'a na iya bayarwa, goma masu magana da juna kuwa sai da tunani. Ga ɗaliban da suka saba da tattara bayanai da kwatanta su, ki nuna musu Bernd da Hilla Becher na Jamus, da suka shafe shekaru suna ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen masana'antu daga kusurwa iri ɗaya a haske iri ɗaya, da J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya, wanda daga 1968 ya tara hotunan kitso wajen 1,000, da yawansu daga baya, kamar sassaƙa. Irin wannan aiki yana buɗe wa ɗan kimiyya ƙofa, domin ya ga tsari da maimaici ma hanya ce ta fasaha. Ki nemi ainihin fayilolin da hotunan da ke gaba da bayan kowanne, wannan ya isa ya toshe ƙofar kwaso hoto daga intanet ko ƙirƙiro shi da manhaja.

Iyakar wannan tsari

Duk abin da na faɗa an gina shi ne kan aji ƙarami. Da zarar ɗalibai sun haura 20 zuwa 25, zaman sharhi na kowa da kowa ba ya yiwuwa. Sai ki raba su rukuni na mutum 5 ko 6 su yi wa juna bayan kin nuna musu yadda ake yi, ke kuma ki riƙa ɗaukar aikin rukuni ɗaya a gaban aji kowane mako. Ingancin zai ragu, babu makawa. Tsarin kuma ya sadaukar da abubuwa da gangan: ɗakin wankin fim, fitilun ɗakin hoto, gyaran hoto mai zurfi a kwamfuta, da tarihin hoto a jere daga farko har yau. Idan sashenku yana sa ran wannan kwas ya zama tsani zuwa wani na gaba mai buƙatar babbar kyamara, dole ki ƙara wa ɓangaren na'ura makonni biyu ko uku, ki rage daga jingar tsakiya, ki bar lokacin sharhi yadda yake.